Maganin da Ya Rage a Jikin Dabba: Yadda Ɗakin Gwaji Ke Gano Shi

Duk wanda ya taɓa leƙa kwata da asuba ya ga aikin malamin duba nama. Zai duba huhu ko akwai alamar tarin fuka, ya tsaga hanta ya ga ko da tsutsa, ya lalubi ƙoda da saifa, sannan ya bari a wuce da naman kasuwa. Aiki ne mai muhimmanci, sai dai ido da wuƙa suna da iyaka. Saniyar da aka yi wa allura shekaranjiya aka yanka ta yau, namanta jawur yake kamar na kowace saniya, ba wari kuma ba ɗaci. Amma maganin yana nan a ciki, kuma zai biyo tsire da balangu da miyar kafteriya har cikin cikinmu.

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan sashen fasahar ɗakin gwaje-gwaje da na lafiyar dabbobi da na fasahar abinci, wannan darasi namu ne, don irin aikin da ke jiran wasunmu ke nan bayan difloma. Sauran ma kada ku juya shafi, tunda dai kowa na cin nama.

Ina magani yake zuwa bayan allura?

Idan aka yi wa dabba allura ko aka zuba mata magani a ruwa, jini ne zai ɗauke shi ya zaga da shi ko'ina a jiki. Hanta za ta sarrafa shi ta sauya masa siffa, ƙoda ta tace shi ta fitar da shi ta fitsari. Wani kaso yana fita ta kashi, wani ta madara, a kaji kuma ta ƙwai. Fitar ba a rana ɗaya take faruwa ba, rabi-rabi take tafiya.

Ga lissafi don misali kawai. A ɗauka akwai maikirogiram 1,600 na wani magani a kowane kilo na tsoka, kuma rabinsa yana fita duk bayan kwana huɗu. A kwana na 4 saura 800, a na 8 saura 400, a na 12 saura 200. In iyakar da doka ta yarda da ita 200 ce, sai an yi kwana 12 kafin naman ya kai can. To, a ce mai dabbar ya ninka allurar don tana jin jiki sosai, ya fara daga 3,200. Yanzu sai kwana 16. In kuma ciwon ya taɓa hanta ko ƙoda, fitar za ta ƙara jinkiri.

Daga irin wannan lissafi, tare da ƙarin kwanaki don kariya, kamfanoni ke fitar da kwanakin jira da ake rubutawa a jikin kwalba, wato kwanakin da za a bari bayan allurar ƙarshe kafin a yanka dabba ko a sha madararta. Allurar oksitetrasaikilin mai daɗewa a jiki, wadda makiyaya suka sani da suna LA, galibi za ku ga an rubuta mata sati uku zuwa huɗu na nama, wani kamfanin ma fiye da haka.

Matsalar ita ce kaɗan ne ke ƙirga kwanakin nan. Makiyayi ya sayi magani a tebur ranar kasuwa, ya yi allurar da kansa da kimantawar ido, saniya ta ƙi tashi. Da ta mutu a hannunsa gara ya kai ta kara a saye ko da rabin kuɗi, da babu gara ba daɗi. Daga Maigatari ko Potiskum ko Illela sai tirela, bayan kwana biyu ko uku ta zama nama a wani garin, kuma ba wata takarda da ta biyo ta da za ta nuna an yi mata magani. Haka mai gidan kaji zai zuba magani a ruwan sha, ya ci gaba da kwashe ƙwai yana sayarwa. Ragon layya ma bai tsira ba, don da yawa ana yi musu allurai ana gab da Sallah.

Mene ne abin damuwa?

Na farko akwai mutanen da jikinsu ba ya ɗaukar fenisilin, ɗan kaɗan ya isa ya tayar musu da ƙaiƙayi da kumburi. Na biyu akwai magungunan da masana suka kasa samo musu wani adadi da za a ce ba ya cutarwa. Kuloramfenikol na iya sa ɓargon mutum ya daina yin jini, shi ya sa Amurka da Tarayyar Turai da ƙasashe da dama suka hana ba dabbobin da ake ci. Furazolidon da danginsa kuwa an hana su ne saboda fargabar cutar daji.

Na uku shi ne bijirewar ƙwayoyin cuta. Bakteriyar da ta saba haɗuwa da magani kaɗan-kaɗan tana iya zama wadda maganin ba ya kashewa. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ba ta jin magani, kuma yankin Afirka ta Yamma ne ya fi yawan mace-macen in aka kwatanta da yawan jama'a. Gaskiya ba ragowar magani a nama ce kaɗai ta jawo wannan ba, shan magani barkatai da mu mutane ke yi yana da babban kaso. Amma duk inda aka sami ragowa ta wuce iyaka, shaida ce cewa a can baya an yi amfani da maganin ba bisa ƙa'ida ba.

Akwai kuma gubar nan take. Kilenbutarol magani ne na buɗe hanyar numfashi, amma wasu masu kiwo a Turai da Sin da Meziko sun riƙa ba dabbobi shi a ɓoye don tsoka ta ƙaru kitse ya ragu. A 1990 mutum 135 suka kamu da karkarwa da bugun zuciya da ciwon kai a Sifen bayan sun ci hantar shanu. Masu kallon ƙwallo kuma ga naku: a gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Meziko a 2011, an sami burbushin kilenbutarol a fitsarin 'yan wasa 109 cikin 208 da aka gwada, aka kuma danganta abin da naman da suka ci.

Wani zai ce ai wuta na kashe komai. Dahuwa tana rage wasu, kamar fenisilin da tetrasaikilin, amma ba ta gamawa da su duka. Kilenbutarol da ragowar furazolidon kuwa kusan ba ruwansu da zafin tukunya ko na tukuba.

Nawa ne ya yi yawa?

Hukumar Codex Alimentarius, wadda FAO da WHO suka kafa a 1963, ita ce ke fitar da iyakar ragowa da ƙasashe da yawa ke bi. Ana fara ne da gano adadin da mutum zai iya ci kullum har tsawon rayuwarsa ba tare da ya cutu ba, sannan a raba shi tsakanin nama da madara da ƙwai. Ga kaɗan na shanu, duk a ma'aunin maikirogiram a kilo ɗaya, ko a lita ɗaya in madara ce:

Oksitetrasaikilin: tsoka 200, hanta 600, ƙoda 1,200, madara 100.
Fenisilin: tsoka da hanta da ƙoda 50, madara 4.
Diminazin, wato maganin sammore da aka fi sani da Berenil: tsoka 500, hanta 12,000, ƙoda 6,000, madara 150.

Don ku gane ƙanƙantar abin, maikirogiram ɗaya a kilo daidai yake da giram ɗaya da aka cakuɗa a cikin buhu 20,000 masu kilo hamsin-hamsin. Abin da ake so ɗakin gwaji ya nemo ke nan. Magungunan da aka haramta kuwa ba su da iyaka, ganinsu kawai laifi ne.

Fitsari ko tsoka: wanne za a ɗauka?

Ya danganta da tambayar da ake so a amsa. In tambayar ita ce ko an ba dabbar nan haramtaccen abu, fitsari ya fi. Ana samunsa dabba tana da rai, a gona ko a kara, ba sai an yanka ba, kuma ƙoda ta riga ta tattara maganin a cikinsa har ya fi na jini yawa. A kwata kuma da sirinji ake zuƙo shi daga mafitsara. Da shi ake farautar kilenbutarol da sinadaran ƙara girma, waɗanda Tarayyar Turai ta hana amfani da su wajen kiwo tun ƙarshen shekarun 1980.

Sai dai fitsari yana da nasa dabarun. Hanta takan manna wa magani wani ɗan sukari kafin ta sake shi, don ya narke a ruwa ya fita da sauƙi. In ka nemi maganin a siffarsa ta asali ba za ka gan shi ba. Dole a zuba wani enzayim mai suna gulukuronides, wanda galibi daga jikin wani nau'in dodon koɗi ake samo shi, a bar samfurin ya ɗumama na wasu awanni, ya tsinke sukarin. Kuma fitsari labarin kwanakin baya-bayan nan kawai yake bayarwa. Mai wayo zai daina ba dabba maganin sati biyu kafin yanka, fitsari ya fito fes. A nan sai a koma ga gashi, ko baƙin shimfiɗen da ke bayan ƙwayar ido, domin kilenbutarol yana manne wa sinadarin baƙin launi ya zauna makonni har watanni.

In kuma tambayar ita ce ko naman nan ya dace a ci, sai a ɗauki abin da za a ci ɗin. Kowane magani da inda ya fi son zama. Jentamaisin da sitireptomaisin a ƙoda suke laɓewa, suna iya yin makonni da yawa bayan sun bar tsoka. Aibamektin, maganin tsutsa da kaska, kitse yake so da hanta. Wurin da aka soka allurar mai daɗewa kuwa yakan riƙe magani fiye da ko'ina. Furazolidon nasa daban ne: cikin 'yan awanni yake ɓacewa, amma ya bar wani gutsure mai suna AOZ manne da furotin na tsoka har makonni, don haka gutsuren ake nema.

Ɗaukar samfuri shi ne rabin aikin. Kwalba ko leda mai tsabta, lambar dabba da wuri da rana da sunan wanda ya ɗauka, a rufe da hatimi, a sa a kula mai ƙanƙara, a isa da shi firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili. Fenisilin yana lalacewa a samfurin da ya yini a zafi, sai sakamako ya ce babu alhali da akwai.

Mataki na farko: tacewa

Ba za a iya kai kowane samfuri gaban babbar na'ura ba, kuɗin ba zai isa ba. Sai a fara da gwaji mai araha da sauri wanda zai ware waɗanda ake zargi.

Mafi daɗewa shi ne sa bakteriya ta yi mana aikin. A gwajin faranti huɗu, ana shuka Bacillus subtilis a faranti uku masu ma'aunin tsami 6 da 7.2 da 8, a shuka Micrococcus luteus a na huɗu. Sai a yanko 'yan ƙananan faifan nama a ɗora a kai, a sa a inkubeta ta kwana. In da maganin kashe bakteriya a naman, zai tsattsafo ya hana ta tsirowa, ka ga fili fayau ya kewaye naman. Filin da ya kai milimita 2 ana ɗaukarsa abin zargi.

Akwai na zamani irin su Premi Test na nama da Delvotest na madara. Ɗan bututu ne mai ɗauke da bakteriya mai son zafi da launi shunayya. Ka zuba ruwan naman, ka ɗumama a digiri 64 na kamar awa uku. In ba magani, bakteriyar za ta girma ta fitar da tsami, launin ya koma ruwan ɗorawa. In ya tsaya a shunayya, wani abu ya hana ta. Masu tallan nono sun san wannan ilimi ba tare da inkubeta ba: madarar saniyar da ke kan allura takan ƙi kamawa ta zama kindirmo, saboda maganin ya danne bakteriyar da ke sa tsami.

Irin wannan gwaji ba ya faɗin sunan magani, ba ya faɗin yawansa, kuma ba ya ganin abin da ba ya kashe bakteriya, kamar kilenbutarol ko aibamektin. Don waɗannan sai ELISA.

Ku ɗauki ELISA kamar rububin kujera a ɗakin lakca. Farantin yana da ramuka 96, kowane rami an shafe shi da sinadarin garkuwa mai kama magani guda, su ne kujerun. Sai a zuba samfuri tare da irin wannan maganin da aka ɗaura wa enzayim, su yi rububi. In samfurin cike yake da magani, zai mamaye kujerun, mai enzayim ya rasa wurin zama a wanke shi ya fita. Da aka zuba sinadarin launi, sai launin ya fito a dushe. Don haka a nan ƙarancin launi shi ne yawan magani. Na'ura ce ke karanta launin a nanomita 450, a kwatanta da samfuran da aka san yawansu.

Haka abin yake a 'yar takardar gwaji ta gaggawa, kuma a nan ne mutane ke rikicewa. A gwajin maleriya layi biyu na nufin akwai. A yawancin takardun ragowar magani layi biyu na nufin babu, layi ɗaya ne ke nufin akwai. A karanta takardar bayani kafin a ɗaga murya.

Mataki na biyu: tabbatarwa

Samfurin da ya faɗi a tacewa zargi kawai ake yi masa. Kafin a ƙwace naman mahauci ko a ci tarar mai gona, sai an tabbatar da suna da adadi.

Da farko a ciro maganin daga naman. A niƙa, a auna, a zuba ruwan da zai narkar da shi, a juya a santirifuj, a ɗebi ruwan sama. Tetrasaikilin yana manne wa kalsiyam da sauran ƙarafa, shi ya sa ake sa EDTA a ruwan cirowa mai ma'aunin tsami 4, ya riƙe ƙarafan ya sako maganin. Sai a bi da ruwan ta wani ɗan bututun tacewa da zai kama maganin ya bar kitse da furotin su wuce.

Daga nan sai HPLC, na'urar da ke tura ruwan da ƙarfi ta cikin siririn bututu, sinadarai su fito bi da bi, kowanne da lokacinsa. Wadda ta fi ƙarfi ita ce LC-MS/MS, domin bayan rarrabewa tana auna nauyin ƙwayar sinadarin, ta farfasa ta, ta sake auna gutsattsarin. Kilenbutarol misali yana shiga da nauyi 277, ya fashe ya ba da 259 da 203. Sai lokacin fitowa ya dace, nauyin ya dace, gutsattsarin biyu sun bayyana a daidai rabon da aka san su, sannan a ce shi ne. Kamar shiga ɗakin jarrabawa ne, suna kaɗai bai isa ba, sai lambar rajista da hoto sun yi daidai.

A kowane zubi ana haɗawa da naman da aka tabbatar ba komai a cikinsa, da wani da aka zuba masa sanannen adadi da gangan. In ka zuba 100 ka samo 40, hanyarka ce ke zubar da magani, kuma duk sauran sakamakon ranar abin shakka ne. Ɗakin gwajin da ake so ƙasashen waje su yarda da takardarsa sai ya sami shaidar ISO 17025.

Inda sakamako ke iya yin ƙarya

Ƙwai yana da sinadarin da ke kashe bakteriya tun asali, don haka sai an ɗumama shi a digiri 80 na minti goma kafin Premi Test, in ba haka ba a zargi kazar da ba ta sha komai ba. Sinadarin garkuwa na ELISA kan kama ɗan uwan maganin da ake nema. Fitsarin da kashi ya faɗa ciki, bakteriya na iya sauya sinadaran jikin dabbar su koma kama da na haram. Masarar da ta yi fumfuna tana fitar da wata guba da jikin dabba ke iya juyawa ta zama zeranol, wanda sinadarin ƙara girma ne, sai a ga laifin mai kiwon da dusa mai fumfuna kawai ya bayar.

Kuskure ta kowane ɓangare yana da wanda zai cuta. In aka ce babu alhali akwai, mai ci ne ya shiga uku. In aka ce akwai alhali babu, an karya jarin bawan Allah. Kuma inda kuɗi suke da yawa, matsin lamba ma yana da yawa. A Beljiyam a 1995 harbe wani likitan dabbobi na gwamnati aka yi, Karel Van Noppen, saboda binciken da yake yi a kan masu ba shanu sinadaran ƙara girma, daga baya kotu ta ɗaure waɗanda suka kitsa kisan. Mai riƙe da kwalbar samfuri amana ce a hannunsa.

Abin da za mu iya tun yanzu

LC-MS/MS na'ura ce mai tsadar gaske, tana son wutar da ba ta ɗaukewa da iskar gas da ƙwararren mai kula. Amma gwajin faranti bai fi ƙarfin ɗakin gwajin maikirobayoloji na foliteknik ba. Wanda ke neman batun firojek, ga shi nan: ƙoda da hanta da tsoka daga kwatar garinku da izinin hukumar wurin, ko ƙwai, ko madara, a gwada a rubuta abin da aka gani, a kuma faɗi a fili cewa tacewa ce aka yi. Irin waɗannan alƙaluma ƙasar na buƙatarsu, musamman yanzu da aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta tarayya a 2024, don babu ƙasar da za ta sayi namanmu ba tare da takardar gwaji ba.

Sannan yawancinmu akwai tumaki ko awaki ko kaji a gida. In an koma hutu, a ɗauki kwalbar maganin a duba ko tana da lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a karanta wa Baba ko Inna kwanakin jira da Hausa. A shafa wa dabbar da aka yi wa allura fenti a ƙaho ko a baya, a rubuta ranar a kalanda. Madara da ƙwan kwanakin jira kada a sha, kada a ci, kada a sayar. A nemi likitan dabbobi ko malamin dabbobi kafin a taɓa sirinji, a kuma riƙa yin rigakafi a kan lokaci, irin wanda cibiyar Vom da ke kusa da Jos ke sarrafawa, domin dabbar da ba ta kwanta ba ba ta buƙatar allura. Duk waɗannan na'urori da muka lissafa, abin da suke bincika a ƙarshe shi ne ko wani ya ƙirga kwanakin da ke jikin kwalba, kuma wannan ƙirga ko ɗan aji uku na firamare zai iya yi.